Zaɓen Magajin Garin Kwatano na 2003 da Makullin Kasuwar Dantokpa

Albarkacin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu waiwayi wani zaɓe da aka yi a Kwatano fiye da shekara 20 da suka wuce. Yawancinmu ba mu jefa ƙuri'a a cikinsa ba, tunda ba 'yan ƙasar Benin ba ne, amma duk wanda ya taɓa fitar da kaya daga tashar jiragen ruwan birnin, ko ya yi sari a Dantokpa ya kama hanyar Faraku zuwa Malanbil da Gaya, abin da ya biyo bayan zaɓen ya shafe shi.

Kafin wannan lokaci, gwamnati ce ke naɗa wanda zai riƙe birnin. Babban taron ƙasa na Fabrairun 1990, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya na Mathieu Kérékou, shi ya ɗora harsashin mayar wa jama'a ikon garuruwansu. Sai dai maganar ta yi jinkiri. Dokokin ba su fito ba sai Janairun 1999, aka raba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 77, aka ba Kwatano da Porto-Novo da Faraku matsayi na musamman. Zaɓen kansa kuwa sai Disambar 2002 aka yi shi. Bisa tsarin wancan lokaci, jama'a kansiloli suke zaɓa, su kuma kansilolin su fitar da magajin gari daga cikinsu.

Wanda ya nemi kujerar Kwatano ba baƙo ba ne a wurinmu. Nicéphore Soglo tsohon ma'aikacin Bankin Duniya ne, ya yi firaminista a 1990, ya kayar da Kérékou a 1991 ya zama shugaban ƙasa. A zamaninsa ne aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuma dattawanmu da abin ya rutsa da su da bashin kayan waje a wuya ba su manta da wannan wata ba. Kérékou ya dawo ya kayar da shi a 1996, a 2001 kuma Soglo ya janye daga zagaye na biyu yana zargin maguɗi. Jam'iyyarsa ta RB, wadda matarsa Rosine ta kafa, tana da ƙarfi a kudu a lokacin, don haka ta kwashe mafi yawan kujerun majalisar birnin. A Fabrairun 2003 kansiloli suka zaɓe shi magajin gari, ɗansa Léhady ya zama mataimakinsa na farko. Mutumin da ya mulki ƙasa ya koma kula da shara da magudanan ruwa da 'yan kabu-kabu masu rigar ruwan ɗorawa, abokin hamayyarsa kuma yana zaune a fadar shugaban ƙasa cikin birni guda.

A nan ne maganar ta zo kanmu. Dokar ƙananan hukumomi ta sa gina kasuwanni da kula da su cikin ayyukan magajin gari. Amma Dantokpa, wadda ke bakin ruwa kuma tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, a lokacin tana hannun wani kamfanin gwamnati mai suna SOGEMA, haka ma kasuwannin Ganhi da Gbogbanou. Soglo ya nemi a miƙa masa su, yana cewa doka ta ba birni. Gwamnati ta riƙe, bisa hujjar cewa kasuwar ta wuce ta gari ɗaya, ta ƙasa da ƙasa ce. Dalilin jayayyar a fili yake, domin kuɗin hayar rumfuna da tikitin kullum da ake karɓa a can ba ƙananan kuɗi ba ne. An sake zaɓen Soglo a 2008, lokacin Boni Yayi ke mulki, ya ci gaba da nema har ya sauka a 2015 makullin Dantokpa bai zo hannunsa ba.

Abin da ɗan kasuwa ya gani a ƙasa a wancan lokaci shi ne iko ya rabu gida-gida. Rumfarsa a cikin kasuwa SOGEMA ke karɓar kuɗinta. Ƙananan kasuwannin unguwanni na magajin gari ne. Kwantenarsa a tashar ruwa tana tsakanin hukumar tashar da ma'aikatan duwan, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin ƙasa. Iyaka kuwa ta fi ƙarfin kowa a birnin: a Agustan 2003, wata shida da hawan sabon magajin gari, Shugaba Obasanjo ya rufe iyakar Najeriya da Benin na 'yan kwanaki saboda fashi da fasa-ƙwauri, kuma shugabannin ƙasashen biyu ne suka zauna kafin a buɗe. Wanda bai san wannan rabo ba sai ya kai kukansa ƙofar da ba ta da maganinsa, ya ɓata kwana da kuɗin mota a banza.

Abin da ya faru bayan saukar Soglo ya ƙara nuna iyakar kujerar. Léhady ya gaji mahaifinsa bayan zaɓen 2015. A farkon 2017 aka shiga rushe rumfuna da shagunan da ke bakin tituna a Kwatano, kuma wanda ya jagoranci aikin shi ne kantoman da gwamnati ta naɗa, Modeste Toboula. A ƙarshen Yulin shekarar kantoman ya dakatar da Léhady, kwanaki kaɗan bayan haka majalisar ministocin Shugaba Patrice Talon ta tsige shi. Luc Atrokpo ya hau kujerar bayan zaɓen 2020. Daga 2022 kuma sabuwar doka ta kawo sakataren zartarwa a kowace ƙaramar hukuma, shi ke riƙe da kashe kuɗi da ma'aikata, magajin gari ya tsaya kan jagorancin siyasa. Kasuwannin ma gwamnati ta kafa musu hukumar ƙasa mai suna ANaGeM, kuma ita gwamnatin ce ta yanke shawarar tayar da Dantokpa a mayar da masu sari sabuwar kasuwar Akassato.

Ba muna cewa zaɓen magajin gari ba shi da amfani ba ne. 'Yan'uwanmu na unguwar Zongo da aka haifa a Benin suna da ƙuri'a, kansilan unguwarsu kuma shi ne jami'in da suka fi iya tarewa a ƙofar masallaci su faɗa masa damuwarsu. Muna ƙarfafa musu gwiwa su yi rajista su fito. Amma ƙungiya irin tamu ba za ta jingina dukiyar mambobinta da alkawarin ɗan takara ba, komai girmansa, tunda tsohon shugaban ƙasa ma ya shekara 12 yana neman kasuwa ɗaya bai samu ba.

Don haka shawararmu ga kowane reshe, a Kwatano ne ko Lome ko Yamai ko Legas, ita ce a rubuta a takarda wace hukuma ke ba da rumfa, wace ke karɓar fatanti, wace ke da ikon rushewa, a kuma sabunta takardar bayan kowane zaɓe. A adana rasit komai ƙanƙantarsa, a tabbata takardar rumfa na ɗauke da hatimin hukumar da ke riƙe da kasuwar a yau. Masu rumfa a Dantokpa su fi kowa kula da wannan, domin ranar rabon sabon wuri takarda za a nema. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya albarkaci kasuwancinmu, Ya kai mu gida lafiya, Ya maimaita mana wannan rana.