Neman Tsofaffin Bandirai a Hannun 'Yan'uwa

  

Ya ɗan'uwa muridi, bandirin da kake ji a daren zikiri baƙo ne da ya zama ɗan gari. Sunansa ma daga Magrib ya zo. A can ya shahara a zawiyar Shehu Abdussalam Al'asmar, wanda ya rasu a shekarar 981 ta Hijira, kabarinsa yana garin Zilitan na ƙasar Libiya. Fataken Larabawan Gadamas da Tarabulus, waɗanda suka zauna a unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa, su ne suka kawo shi Kano. Abin sha'awa, raƙuman da suka kawo shi su ne suke komawa arewa da jemammiyar fatar awakinmu.

A shekarar 1911 Italiya ta faɗa wa Tarabulus, a shekarar kuma layin dogo ya iso Kano, sai fataucin hamada ya durƙushe. Daga nan masassaƙan gida suka ci gaba da yinsa. Da Maulana Shehu Muhammadu Nasiru Kabara, Allah Ya ƙara masa yarda, ya fito da shi fili a halƙoƙi da Maukibi, sai ya yawaita ƙwarai. Bayan rasuwarsa a 1996, na zamaninsa ma sun shiga sahun abin nema.

To, ina tsofaffin suke? Ba a kasa su a kasuwa. Suna rataye a zaurukan muƙaddamai, ko a bisa rumbu a gidan magada, wani lokaci gara ta ci gefe. Mai nema sai ya bi ta kan 'yan'uwa masu irin wannan sha'awa, wannan ya tura shi wajen wancan. Ya je da sallama da ladabi, domin wanda ya shiga da maganar kuɗi tun daga bakin ƙofa yakan fito hannu rabbana. Na ga dattijon da ya hana a farashi mai tsoka, daga baya ya miƙa wa wani almajiri a kan abin da bai kai rabi ba, saboda ya tabbata za a kaɗa shi a zikiri.

Nan ne da yawa suke ruɗuwa: suna duba fata. Fata kuwa ba ta daɗewa. Damina ta saki, a gasa ta a wuta ta ɗame, wata rana ta fashe a sake wata. Itacen shi ne shaida. A duba mahaɗarsa, da ramukan tsofaffin ƙusoshi, da inda hannu ya goge shi har ya yi santsi. Akwai masu shafa wa sabon itace mai da hayaƙi don ya yi kama da na da, Allah Ya shirye su.

A ganina, abin da ya fi itacen daraja shi ne sanadinsa: wa ya kaɗa shi, a wace halƙa, daga hannun wa ya karɓa? Wanda ya saya bai tambayi wannan ba, katako kawai ya saya. Don haka duk ɗan'uwan da ya samu ɗaya, ya zauna da mai shi kafin su rabu, ya rubuta sunaye da shekaru a takarda, ya ajiye ta cikin jakar bandirin.