Daga Surame zuwa Nasarawa: Ƙaurar Mazaunin Mulki a Ƙasar Kabi

Shaihin malami Ibn Haldun, a cikin littafinsa Muƙaddima, ya kasa sharuɗɗan kafa birni gida biyu, wato tunkuɗe cuta da jawo amfani, har ya shigar da ganuwa da tudu da kyawun iska a kashi na farko, ya shigar da ruwan sha da makiyaya da gonaki da itacen wuta a kashi na biyu. Sarakunan kwarin Gulbin Rima ba su jahilci waɗannan sharuɗɗa ba, domin tun daga ƙarni na 16 zuwa yau mazaunin mulkin wannan ƙasa ya tashi ya sauka a wurare da dama, kuma kowace ƙaura tana da hujjarta. Sai dai akwai mas'ala guda da masu tarihi ba su cika tsayawa a kanta ba, ita ce makomar gidan da aka bari a baya.

Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga biyayyar Askiya na Sanwai wajen shekarar 1516, ya gina Surame da ganuwar dutse da jar ƙasa, ya riƙe Gungu da Leka tare da ita, har daularsa ta gagari Barno. Amma da ƙarfin Kabi ya ja baya, Gobirawa da Zamfarawa da Azbinawa suka matsa mata, sai Sarkin Kabi Tomo ya ɗauke fada wajen shekarar 1700 ya kai ta Birnin Kebbi, bisa tudun da ke kallon fadama. Surame ba ta sami magaji ba. Daji ya cinye ta, kuma ko da yake gwamnati ta sanya kufanta cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, a yau ma tana cikin Jihar Sakkwato ne, nesa da jikokin waɗanda suka gina ta.

Birnin Kebbi kuwa ya yi kamar shekara ɗari yana fada, har 1805, lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci shi da yaƙi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Abin lura a nan shi ne, jama'ar Shehu Usmanu, alhali ga birni babba a hannunsu mai ganuwa da kasuwa da mashigin ruwa, ba su zauna cikinsa ba, bal suka zaɓi Gwandu, ƙaramin gari a cikin kwari da tuddai suka kewaye. Kuma hikimar wannan zaɓi ta bayyana a ƙarshen shekarar, bayan waƙi'ar Alwasa, sa'ad da abokan gaba suka biyo su har ƙofar Gwandu suka kasa shiga. Da aka raba tafiyar da daula a 1812, ɓangaren yamma ya faɗa hannun Malam Abdullahi, kuma a Gwandu hubbarensa yake. Tsohon birnin Tomo ya ƙanƙance, har matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ya ratsa ta wurin a 1853, ya tarar da mutanen garin a takure a gefen kufan da ya ninka mazauninsu girma.

Kabawa su kuma suka tattara a Argungu. An kashe sarkinsu Sama'ila Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya daɗe a tsare a Sakkwato, sannan a 1849 ya yi tawaye ya sake ɗaga tutar Kabi. Daga nan yaƙi ne ya riƙa zaɓa wa kowa mazauni: bayan Sarkin Gwandu Haliru ya rasa ransa a fagen fama da Kabawa a 1860, magajinsa Aliyu ya koma Ambursa, ribaɗin da ke fuskantar ƙasar Argungu ta ƙetaren fadama, domin sarki ya kwana kusa da inda haɗari yake.

Turawa ne suka mayar wa Birnin Kebbi da martabarsa, ba don ƙaunar Kanta ko Tomo ba. Bayan tarzomar Satiru a 1906 sun tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin, suka naɗa Haliru Abdu, garin ya zama hedkwatar masarauta. A ganina dalilinsu bai ɓoyu ba, domin wanda ba ya tsoron mahara ba ya bukatar ribaɗi, abin da yake nema shi ne tudu mai iska, da ruwa kusa, da hanyoyin da za su kai shi Jega da Argungu da iyakar Faransawa. A hankali aka gina ofisoshin En'e, da baitulmali, da kotun alƙali, da gidan yari, gari ya fita daga tsohon mazauninsa ya miƙa unguwanni irin su Nasarawa, waɗanda aka yanka wa tituna madaidaita. Kuma a zamanin Sarki Yahaya, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1954, aka sami asibitin da har yanzu ke ɗauke da sunansa. Ke nan masarautar da ke amsa sunan Gwandu tana zaune a birnin da Kabawa suka gina, Kabawa kuwa suna Argungu, kuma kowa ya saba da haka har ba a jin baƙuncinsa.

Amma inda al'amarin ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Gidan Nabame. Wannan gida shi ne fadar sarakunan Kabi a Argungu har zuwa 1942, lokacin da aka koma sabuwar fada. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san abin da ke jiran gidan da aka tashi daga cikinsa: idan damina biyu ko uku suka wuce ba a sake yaɓe ba, ba a share bakin indararo ba, ruwa zai kwanta a kan soro, ya sami azara, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya fara, sai a wayi gari zaure ya zama tudun ƙasa da awaki ke hawa. Abubuwa biyu suka tsirar da Gidan Nabame daga wannan hali. Na farko, a cikinsa ake binne sarakuna, kuma gidan da ke da kaburburan iyaye ba ya rasa mai shara. Na biyu, a 1958 aka ba shi sabon aiki, aka buɗe shi a matsayin Gidan Tarihi na Kanta, aka tara masu da takubba da kwari da baka da layu da tambura da kayan su a ɗakunansa, ta yadda kowace shekara akwai dalilin kiran magina. Irin wannan dabara ce ta raya Gidan Makama a Kano da tsohuwar kwalejin Katsina, ko da yake a Argungu ana iya cewa masu gidan ba su taɓa tashi ɗungurungum ba, tunda kowane sarki ya san can zai koma.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ta haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, ta ba Birnin Kebbi hedkwata. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, gari bai shirya musu ba, ma'aikatu suka fara aiki a gine-ginen aro, kuɗin haya ya tashi. Da aka zo gini na dindindin kuwa, sai kowa ya nufi bayan gari, inda fili ke da yalwa kuma diyya ke da sauƙi: sakatariya ta tafi Gwadangaji, Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta nufi wajen Kalgo, filin jirgin sama kuma ya sauka a Ambursa, tsohon ribaɗin nan na Sarki Aliyu. Bankuna da manyan shaguna suka jeru a kan sababbin tituna, aka bar wa tsohon gari masallatai da makarantun allo da lungunan da mota ba ta shiga.

Kamfanoni ma da nasu hisabin. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, masu jari suka juyo da hankalinsu ga fadamar Rima. Labana tana casar shinkafa a Birnin Kebbi, WACOT kuma ta buɗe masana'antarta a Argungu a 2017, mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara a lokacin. Sharuɗɗansu su ne kusanci da shinkafar manoma, da titin da tirela za ta bi, da fili mai faɗi, waɗanda babu ko ɗaya da tsohon ginin En'e ko kangon attajiri a tsakiyar gari zai iya cikawa. Ita WACOT ma injinanta ne kawai ke Argungu; uwar kamfanin, inda ake yanke farashi da shawarar jari, tana Legas.