Rantsuwa a Madadin Kotu: Karɓar Ƙaramin Gado a Kalifoniya

A Amurka, bisa al'ada dukiyar mamaci ba ta isa hannun magada sai kotun gado ta naɗa mai kula da ita, an biya basussuka, sannan a raba. Hanyar tana cin watanni, tana kuma cin kuɗi. A jihar Kalifoniya doka ta yanka wa lauya kashi 4 cikin ɗari na dala 100,000 na farko, da kashi 3 na dala 100,000 na biyu. Ke nan gadon dala 150,000 zai ba lauya dala 5,500, mai kula da dukiyar shi ma yana da haƙƙin irin wannan adadi.

Saboda haka ne sashe na 13100 na dokar gadon jihar ya buɗe wata ƙofa. Idan dukiyar ba ta wuce ƙayyadadden adadi ba, wanda ya zama dala 208,850 ga mutuwar da ta auku daga 1 ga Afrilu, 2025, magaji zai jira kwana 40. Daga nan sai ya sa hannu a takardar rantsuwa, ya haɗa da takardar shaidar mutuwa da katin shaidarsa, ya miƙa wa ma'aikacin banki. Ba alƙali, ba zaman kotu. Gida da fili dai ba sa bin wannan takarda, hanyarsu daban ce.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi: ɗa ɗaya na iya riga 'yan'uwansa zuwa banki ya kwashe komai, tunda ba a wajabta wa bankin binciken gaskiyar abin da aka rantse a kai ba. Sai dai doka ba ta kawar da alhaki ba, ta ɗora shi ne a wuyan mai rantsuwa. Masu bin mamaci bashi za su iya bin mai rantsuwar gwargwadon abin da ya karɓa. Idan kuwa da ha'inci ya karɓa, sashe na 13110 ya ce ya biya mai haƙƙi ninki uku.

A ganina wannan ma'auni ya yi daidai. Tilasta wa kowane iyali zuwa kotu don tsoron maha'inci ɗaya hukunta masu gaskiya ne, kuma matar mamaci da marayu su ne ke ɗaukar asarar. Ƙasashe irin Najeriya, inda bankuna kan nemi takardar izinin kula da gado kafin su saki ko da ɗan ajiya kaɗan, ya kamata masu tsara dokokinsu su duba wannan tsari.