Daga Masana'antar Ƙarfe Zuwa Ɗakin Awon Ciki

A watan Yulin 1955, wani likitan mata mai suna Ian Donald ya shiga masana'antar Babcock & Wilcox da ke kusa da Glasgow a ƙasar Birtaniya, ɗauke da ƙarin da aka cire wa majiyyata. Masana'antar tana da wata na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe, ta saurari amsa-kuwwarsa, don gano tsagar da ido ba ya gani. Donald ya so ya ga ko za ta bambance ƙari mai tauri da mai ruwa. Ta kuwa bambance.

A wancan zamani, abin dogaron likita a kan mai juna biyu shi ne tafin hannunsa, da lissafin ranar haila, da hoton ƙashi. To, a 1956 Alice Stewart ta Jami'ar Oxford ta nuna cewa hoton ƙashi yana ƙara haɗarin sankara ga yaron da ke ciki. Sauti kuwa ba ya ɗauke da irin wannan haske mai lahani. A 1958 Donald, da John MacVicar, da injiniya Tom Brown suka wallafa sakamakon aikinsu a mujallar Lancet.

Abubuwan da mace ke tararwa yau a ɗakin sikanin, da yawansu daga can suka samo asali. Man da ake shafa mata a mara ya gaji man zaitun da su Donald suka riƙa amfani da shi, domin iska tana tare sauti. Umarnin ta sha ruwa ta riƙe fitsari ya biyo bayan abin da Donald ya lura da shi, cewa cikakkiyar mafitsara tana fito da mahaifa sarai. Awon tsawon ɗan tayi daga ka zuwa mazauni, wanda da shi ake ƙiyasta ranar haihuwa, Hugh Robinson ne ya tsara shi a Glasgow a 1973.

Hoton farkon ciki yakan nuna ko cikin ya zauna a mahaifa, ko ɗaya ne ko tagwaye, da bugun zuciya, wanda akan gani daga wajen mako na 6. Zaman cikin ya fi komai muhimmanci, domin wanda ya zauna a bututun ƙwai yana iya fashewa, jini ya zuba a ciki har ya halaka uwar. Saboda haka ciwon mara mai tsanani ko zubar jini a makonnin farko ba ya jiran ranar awo.