Ƙota Ma Tana Da Tarihi



Duk lokacin da muka tashi rubuta tarihin noma a yankinmu na Funtua da Malumfashi, auduga da jirgin ƙasa muke fara kawowa. Mukan ce layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtua, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Mukan ambaci injinan gurzar auduga da kamfanin BCGA ya kafa a Funtua da Malumfashi, da shirin bunƙasa noma na Funtua da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Duk gaskiya ne. Sai dai audugar da ta cika taragun nan hannu ne ya nome ta, kuma abin da hannun ke riƙe da shi ƙota ce. Ita muke tsallakewa.

Ko bayan da garmar shanu ta fara shigowa Arewa a ƙarshen shekarun 1920, shuka da noman farko da maimai ba su rabu da sungumi da fartanya ba. Maƙeri ke yin ruwan fartanya, masassaƙi ya fitar da ƙota da gizago. Ba kowane ice yake ɗauka ba. Yana neman marke ko ƙirya ko aduwa, kuma ya fi son inda reshe ya rabu da uwar icen, domin nan ne ke da kauri da lanƙwasar da ake so. Idan ya bushe, sai a gasa tsinin ƙarfen ya yi ja, a huda kan ƙotar da shi.

Manomi kuwa ba ya saye sai ya gwada. Zai ɗaga ta ya ji nauyi, ya duƙa ya kai sara sau biyu ko uku, ya shafa ya ji ko akwai tsaga. Ƙota mai nauyi tana nutsa ƙarfe a ƙasa mai tauri, amma kafin azahar ta gama da kafaɗa. Marar nauyi tana da daɗin ɗagawa, sai dai ƙarfen ya riƙa tsalle a laka. Gajera tana cin baya. Shi ya sa uba ba ya miƙa wa ɗan shekara goma fartanyarsa, sai ya sa a sassaƙa masa daidai shi.

Abin da zai ba mu mamaki shi ne, irin wannan gwaji yana da rubutaccen tarihi a wasan ƙwallon lambu, wato golf. A Sikotilan da icen gida aka fara yin ƙotar sandar wasan, kafin a koma wa icen hikori daga Amurka a ƙarni na 19. Da yake ice biyu ba sa zama ɗaya, ɗan wasa kan daɗe yana lilo da sanduna kafin ya zaɓa. Hukumar wasan ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta Birtaniya ta biyo baya a 1929. A 1930 Bobby Jones ya lashe manyan gasa huɗu a shekara guda da ƙotar ice. A 1931 Billy Burke ya ci gasar US Open da ta ƙarfe, daga nan ice ya fara ja da baya. Wajen 1970 aka fito da ƙotar zaren kabon, wadda ta fi ƙarfe rashin nauyi.

Ana ba da labarin cewa Jones ya tara sandunansa ɗaya bayan ɗaya da jin hannu kawai. Da aka zo aka auna su daga baya, sai aka tarar duk sun dace da juna, ban da guda, ita ce kuma wadda ya daɗe yana kuka da ita. Yau kamfanoni na rubuta haruffa kamar R da S da X don nuna taurin ƙota, ana kuma auna saurin bugu da na'ura. Amma S na wannan kamfani ba lallai ya zama S na wancan ba, don haka har gobe sai mai saye ya buga ya ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bambancinmu da su ɗaya ne: su sun rubuta, mu ba mu rubuta ba. Ga shi kuma ƙirya, wadda gawayinta maƙera suka fi so, tana ƙaranci a dazukanmu, marke ma gatarin masu itacen girki bai bar shi ba. Maganin feshi ya rage noman hannu, tsofaffin masassaƙa suna tafiya, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'a. Ranar da na ƙarshensu ya kwanta dama, da shi za a binne sanin wane ice ake sara, a wane lokaci, kuma kwana nawa yake yi kafin ya bushe.

Mu da muke son zama marubuta, a nan aikinmu yake. Mukan rubuta "ya ɗauki fartanya ya nufi gona" mu wuce, alhali ba mu san icen ƙotar ba, ba mu san kantar da ta bari a tafinsa ba. Kafin mako mai zuwa, kowannenmu ya nemi masassaƙi ɗaya a kasuwar garinsu, Bakori ce ko Ƙafur ko Ɗandume, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, yaya ake gane ƙota mai kyau?" Ya rubuta amsar da kalmomin tsohon, kada ya gyara masa Hausa. Mu kawo su nan mu jera, mu ga ko ƙotar Malumfashi da ta Funtua ɗaya ce.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.