DAGA HARAJI ZUWA KUƊIN HAYA: SHIN ƘURI'AR TALAKA TANA GINA ƊAKI?

A littattafan da muke rubutawa, da zarar an ɗaura aure sai ka ji an wuce da amarya tanƙamemen gida mai hawa biyu, ni ma na sha rubuta hakan. Amma ga shi sau biyu ke nan ana ɗaga bikin ɗan yayana a nan Gumel, lefe ya haɗu, sadaki na hannu, ɗakin da zai sa yarinya ne ya gagara. Da na ce masa ya riƙe wannan a ransa ranar zaɓe sai ya yi dariya, ya ce, "Baba, yaushe ƙuri'ar talaka ta taɓa canza wani abu?" Wannan tambaya ce ta sa na waiwayi tarihi.

A zamanin En'e babu abin da talakan ƙasar Gumel yake tsoro kamar haraji da jangali. Magidanci kan sayar da geron da zai ci da iyalinsa ko akuyar matarsa domin ya biya, wanda ya kasa kuwa ya sha wulaƙanci a ƙofar dagaci, wani ma ya tsallake iyaka ya shiga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau. Makiyayi kuma a ƙirga masa shanu, ya biya a kan kowane kai. Mutane sun ɗauka haka Allah Ya tsara duniya.

A ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta. Mabiyanta teloli ne da 'yan koli da malaman allo da manoma, kuma sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai. Ba su taɓa kafa gwamnati ba har sojoji suka rushe jam'iyyu a 1966. Amma da aka dawo siyasa, PRP ta gaji NEPU a 1978, ta ci tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk suna cikinta, kuma shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a. Alhaji Abubakar Rimi yana hawa kujerar gwamna ya soke haraji da jangali, Alhaji Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Shekara 29 ke nan ana abu ɗaya kafin haƙa ta cim ma ruwa.

To ina batun muhalli? A da, saurayi kan nemi fili wurin mai unguwa, abokai su yi masa gayya a kwaɓa ƙasa, kafin damina ɗaki ya tashi. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi dokar mallakar ƙasa, wadda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu. Shugaba Shehu Shagari ya zo da shirin gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma abin da aka gina kafin juyin mulkin 1983 bai kai ko kusa da alƙawarin ba. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashi. To manomin gero da ɗan acaɓa da dillalin awaki a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wane albashi za a yanka musu? Ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, a 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

Gaskiya ƙuri'ar mutumin Gumel ita kaɗai ba za ta karya farashin siminti ba. Amma fili yana hannun gwamna da ciyaman, waɗanda mu muke zaɓarsu, kuma sa hannu ɗaya ya isa a yanka filaye a raba wa marasa ƙarfi, kamar yadda sa hannu ɗaya ya kashe haraji. Abin da ya ba 'yan NEPU nasara shi ne sun san abin da suke nema, sun faɗe shi a kasuwa da zaure har wanda bai yi boko ba ya haddace, ba su kuma sayar da shi don atamfa ko sabulu ba. Mu kuwa ɗan takara na zuwa sai kowa ya kai kukansa shi kaɗai ta ƙofar baya.

Na karanta wa ɗan yayana wannan rubutu, ya ce shekara 29 ta yi masa nisa, yarinya ba za ta jira ba. Gaskiyarsa ce, shi ya sa muka gyara masa tsohon zauren gidanmu ya fara zama. Amma na ce masa wanda ya dasa dabino ba lallai ne ya ci 'ya'yansa ba, mu ma da ba a taɓa kama mu kan haraji ba, wasu ne suka sha bulalar.

Allah Ya rufa mana asiri, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.