Tsohuwar Kwamfuta a Gaɓar Shuɗin Nilu

Idan matashin mawaƙi a Rusairis ya tara 'yan kuɗinsa domin ya mayar da ɗakinsa wurin ɗaukar waƙa, tambayar da za ta fara tare shi ita ce: tsohuwar kwamfuta zai saya ko sabuwa? A Kano maganar aljihu ce kawai. A Sudan kuwa akwai tarihi a bayanta.

Mutanenmu sun isa wannan yanki ta hanyar hajji, wasu kuma a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Waƙoƙinsu a ka suka tafi da su. Wanda yake son muryarsa ta shiga na'ura, dole ya bi na'urar inda take. A'isha Fallatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, sai da ta je Alƙahira aka naɗi muryarta a faifan garmaho, sannan a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman. Daga baya kaset ya shigo da na'urar cikin gidaje, kwamfuta kuma ta shigo da sutudiyon gaba ɗaya.

Sai dai kwamfutar ta zo a mugun lokaci. A watan Nuwamba na 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, wanda ya hana kamfanoninta sayar wa ƙasar kaya, har da manhajoji. An sassauta kan na'urorin sadarwa a 2015, aka ɗage mafi yawansa a 2017. Shekara ashirin ke nan sabuwar manhaja tana neman rajista ta intanet da katin bankin da mutum ba shi da shi. Mai tsohuwar kwamfuta da manhajarta ke aiki ba shi da dalilin rabuwa da ita.

A ganinmu ma ba a yi asara mai yawa ba. Minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD bai wuce kimanin megabayit 10 ba, kuma kwamfutar da ta shekara goma tana ɗaukar murya da kalangu da fiyano ba tare da ta yi nishi ba. Kyawun waƙa ya fi rataya ga makirfo da akwatin sauti da shirun ɗaki. Wani lokacin sabuwar ce ke kawo cikas, domin tsohon akwatin sauti mai igiyar FireWire ba shi da mashiga a jikinta. Sabuwa takan yi zarra ne idan ana jibga kayan kiɗa na manhaja da gyaran murya da yawa a lokaci guda.

Tsohuwa kuma tana da nata cututtuka. Ƙura da zafi kan sa fankarta kuka har makirfo ya ɗauka. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ga shi ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a Sudan, duk da cewa madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, tana cikin manyan masu ba ƙasar lantarki. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, saboda haka gara a nisanta irin wannan kwamfuta da intanet.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ma'ajiyarta mai juyawa, wadda kan mutu ba sallama. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ginin Rediyon Omdurman kansa, mai taskar muryoyin ƙasar, ya yi kusan shekara guda a hannun mayaƙan RSF, kuma a 2024 mutanen Sinja da ƙauyukan Sinnar suka bar gidajensu da abin da hannu ya iya ɗauka. Babu mai gudu da babbar kwamfuta a ka. Wanda ya naɗi waƙar biki ko wa'azin wani dattijo a Rusairis, ya musanya ma'ajiyar da sabuwa marar juyawa in yana da hali, ya kwafe aikin a memori biyu, ya aika ɗaya wajen dangi a wani gari.